Darasin Kimiyya: Aikin Barasa a Jikin Ɗan Adam da Yadda Ake Gane Wanda Ya Kamu

Aji: Babbar sakandare, aji biyu
Fanni: Kimiyyar halittu da kiwon lafiya
Wuri: Jabo, Ƙaramar Hukumar Tambuwal, Jihar Sakkwato

MANUFAR DARASI

A ƙarshen darasin nan ana son kowane ɗalibi ya iya abubuwa biyar:
1. Faɗin mece ce barasa da yadda take samuwa.
2. Bin sawunta daga baki zuwa jini, hanta da ƙwaƙwalwa.
3. Lissafa yawan barasar da ke cikin abin sha.
4. Rarrabe wanda ya sha da wanda ya kamu.
5. Sanin abin da ake yi wa wanda ya kamu, da abin da ba a yi masa.

SHIMFIƊA

Ɗalibai, kowa ya buɗe littafinsa ya rubuta kan darasi. Na ga wasu suna kallon juna, na kuma san tambayar da ke bakinsu: me ya kawo zancen giya a Jabo? Addini ya haramta ta, malaman Islamiyya sun karantar da ku yadda haramcin ya sauka daki-daki, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i har zuwa Ma'ida. Jihar Sakkwato kuma tana cikin jihohin Arewa da suka soma aiki da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, don haka ba a sayar da ita a fili. Hukunci na malamai ne da alƙalai. Namu a ajin kimiyya shi ne sanin abin da take yi wa jiki, kuma dalilai uku suka sa sanin ya zama wajibi.

Na farko, samarinmu na Jabo, Dogon Daji, Sanyinna da ƙauyukan Kebbe suna tafiya ci-rani Legas, Ibadan da Fatakwal, inda ake sayar da ita kamar kowane abin sha. Na biyu, takan zo a ɓoye, a ɗan leda ko ƙaramar kwalba, da sunan maganin basir, ciwon baya ko ƙarin kuzari, ana tallarta a tashoshin mota. Na uku, hanyar da barasa ke bi ta kama ƙwaƙwalwa ita ce hanyar da tramol, kodin da wiwi ke bi. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kusan miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma. Wannan adadi bai ma haɗa da masu shan giya da taba ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da irin garuruwanmu. Inda ake shan abu a ɓoye, ciwonsa ma a ɓoye yake girma. Kafin iyali su farga, sau da yawa mutum ya riga ya yi nisa.

MATAKI NA 1: MECE CE BARASA?

Sinadarin da ke sa maye a cikin kowace irin giya guda ɗaya ne, sunansa itanol, kuma a allo ana rubuta shi C2H5OH. Ruwa ne garai, marar launi, mai saurin kama wuta, yana tafasa a zafin digiri 78, wato kafin ruwa, wanda sai ya kai 100.

Mai samar da shi wata ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani, wato yis, irin wanda masu gidan burodi ke sa wa kwaɓi. Idan yis ya sami sukari a inda iska ta yi ƙaranci, sai ya ci sukarin ya fitar da abu biyu: itanol da iskar kabon. Ku rubuta:

C6H12O6 → 2C2H5OH + 2CO2

Masanin Faransa Louis Pasteur ne ya tabbatar, wajajen shekarar 1860, cewa wannan aiki na halitta mai rai ne, ba ruɓewa ce kawai ba.

Gwajin aji: mu zuba ruwa mai ɗumi rabin gorar roba, mu sa cokali biyu na sukari da cokali ɗaya na yis, mu rufe bakin gorar da balan-balan, mu ajiye a inuwa. Kafin a tashi darasi balan-balan zai kumbura. Iskar kabon ce ta hura shi, itanol kuma yana cikin ruwan. Bayan gwaji za mu zubar da ruwan.

Haka ake samun burkutu daga tsiron dawa, bammi daga ruwan itacen kwakwar manja, giyar kwalba daga sha'ir ko dawa. Ƙarfin waɗannan bai cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba, kuma yis da kansa yakan mutu idan barasa ta kai wajen kashi 15. Masu son ta fi haka ƙarfi sai su dafa ta su tattara tururin, tunda itanol ke riga ruwa tashi. Ta haka ake yin ogogoro da wiski, masu kaiwa kashi 40 ko fiye.

Tambaya daga aji: "Malam, to nono da fura da suke tsami fa?"

Yauwa, tambaya mai kyau. Tsamin nono aikin wasu ƙwayoyi ne daban, bakteriya, waɗanda ke mayar da sukarin madara ya zama asid mai tsami, ba itanol ba. Shi ya sa nono ba ya bugarwa. Burodi kuwa, ɗan itanol ɗin da yis ya samar a kwaɓi yakan bi zafin gashi ya tashi.

Akwai ɗan'uwan itanol mai suna mitanol, wanda ake amfani da shi a masana'antu. Kamanninsu ɗaya, ƙamshinsu kusan ɗaya, amma shi jiki kan mayar da shi gubar da ke kashe jijiyar gani. A watan Afrilun 2015 a Ode-Irele ta Jihar Ondo, da watan Yunin 2015 a Jihar Ribas, gomman mutane sun mutu bayan shan ogogoro mai mitanol, wasu sun makance tun kafin rai ya fita. Abin da aka haɗa a ɓoye, babu mai sanin abin da ke cikinsa.

MATAKI NA 2: DAGA BAKI ZUWA HANTA

Tuwo sai an narkar da shi kafin ya shiga jini. Barasa ba ta jiran narkewa. Kusan kashi 20 cikin 100 na ratsa bangon tumbi kai tsaye, sauran kuma ƙaramin hanji ne ke tsotse shi. Cikin 'yan mintoci ta isa ƙwaƙwalwa, kuma tsakanin rabin awa da awa ɗaya da rabi take kai ƙololuwa a jini. Idan ciki babu abinci ta fi saurin shiga.

Da yake tana garwayuwa da ruwan jiki, mai ƙaramin jiki ya fi mai babban jiki saurin buguwa. Mace ma haka, domin kason ruwan jikinta bai kai na namiji ba.

Fitar da ita aikin hanta ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 a can ake ƙona ta, ragowar ke fita ta numfashi, fitsari da gumi, shi ya sa na'urar hura baki ke iya auna ta. Hanta na yin aikin a zango biyu. A zangon farko wani inzayim, wato sinadari mai hanzarta aiki a jiki, yana mayar da itanol ya zama asitaldihaid. Wannan guba ce mai lalata ƙwayoyin halitta, ita ke kawo tashin zuciya da ciwon kai. A zango na biyu wani inzayim ɗin ya mayar da gubar ta zama asitet, wanda daga bisani ke komawa ruwa da iskar kabon.

Ku ja layi a ƙarƙashin wannan: hantar babban mutum ba ta ƙona fiye da kimanin giram 7 zuwa 10 a awa guda. Wanka da ruwan sanyi, shayi mai kauri, goro, nono, manja, babu wanda ke ƙara mata sauri. Lokaci ne kaɗai ke warware maye.

Barasa kuma tana danne sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, sai fitsari ya yawaita, jiki ya bushe. A bazarar Sakkwato, da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wannan kaɗai ya isa ya kayar da mai aikin ƙarfi.

MATAKI NA 3: LISSAFI

Hukumar Lafiya ta Duniya tana auna sha da ma'auni guda: giram 10 na tsantsar itanol shi ne awo ɗaya. Ƙa'idar lissafin ita ce:

yawan abin sha a mililita × ƙarfinsa cikin ɗari × 0.79 = giram na itanol

Misali na farko: kwalbar giya mai mililita 600, ƙarfi kashi 5. Kashi 5 na 600 shi ne 30. A ninka 30 da 0.79, an sami kusan giram 24. Awo biyu da ɗoriya ke nan, kuma hanta na buƙatar wajen awa uku kafin ta gama da shi.

Misali na biyu: ɗan leda mai mililita 30, ƙarfi kashi 40. Kashi 40 na 30 shi ne 12. A ninka da 0.79, an sami giram 9.5, kusan awo ɗaya cur. Ke nan wanda ya tsotse leda uku a tasha da sunan maganin basir ya fi wanda ya shanye babbar kwalba ɗaukar barasa, ga shi cikin minti biyu. Arhar irin waɗannan ledoji da sauƙin ɓoye su a aljihun yaro ne suka sa hukumar NAFDAC, bayan wa'adin shekara biyar da aka ba kamfanoni tun 2018, ta sanar a farkon 2024 da haramta sayar da barasa a leda da kwalbar da ba ta kai mililita 200 ba.

Yawan barasa a jini kuma ana auna shi da kaso cikin ɗari:
0.02 zuwa 0.05: sakin jiki, raguwar kunya da tsantseni.
0.08 zuwa 0.10: hannu da ido sun daina tafiya tare, harshe ya fara nauyi.
0.20: tangaɗi, amai, mantuwa.
0.30: fita hayyaci.
0.40 zuwa sama: numfashi na iya tsayawa.

MATAKI NA 4: ABIN DA TAKE YI WA ƘWAƘWALWA

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo da sinadarai. Uku daga ciki suka shafe mu. Ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar babur ɗin ɗan kabu-kabu. Sinadarin GABA shi ne birki, gulutamet shi ne totur. Barasa tana taka birki, tana kuma sassauta totur. Sashen da ke fara lafawa shi ne na goshi, mai kula da hankali da auna sakamako. Don haka surutu da rashin kunyar mashayi ba ƙarin kuzari ba ne, mai tsawatarwa ne ya yi barci. Daga nan sai sashen ƙeya mai daidaita tafiya, sai tangaɗi ya zo. Idan sha ya ci gaba har ya kai tushen ƙwaƙwalwa mai riƙe da numfashi, nan ne ake rasa rai.

Sinadari na uku shi ne dofamin, na sashen lada. A 1954, a Jami'ar McGill ta Kanada, James Olds da Peter Milner sun sa siririyar waya a wani sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka ba shi maɓallin da idan ya danna lantarki kaɗan zai taɓa wurin. Ɓeran ya riƙa danna maɓallin sau ɗaruruwa a awa guda. Amfanin wannan sashe shi ne ya koya wa halitta maimaita abin da ke raya ta, kamar ci da sha. Barasa, tramol, kodin da wiwi duk suna sa dofamin ya kwarara a wurin fiye da ƙima, sai ƙwaƙwalwa ta rubuta abin a sahun buƙatun rayuwa.

MATAKI NA 5: AKWAI GWARGWADON DA BA YA CUTARWA?

A ƙasashen da doka ta yarda da sha, likitoci sun daɗe suna neman iyakar da za su gindaya. Tun 2016 Birtaniya ke shawartar 'yan ƙasarta kada su wuce awonta 14 a mako, awon nata kuma giram 8 ne. A 2023 masanan Kanada suka ce ƙaramin haɗari yana ga wanda bai wuce kofi biyu a mako ba. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani gwargwado da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Ku lura da alkiblar: duk lokacin da bincike ya ƙaru, iyakar ƙasa take yi.

Dalili shi ne tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, rukuni ɗaya da taba. An danganta ta da dajin baki, maƙogwaro, maƙoshi, bututun abinci, hanta, hanji da nono. Ga hawan jini, shanyewar ɓarin jiki da gyambon ciki. Rahoton hukumar na 2024 ya ce mutum miliyan 2.6 suka mutu a duniya a 2019 ta dalilin barasa, miliyan 2 daga ciki maza ne.

Hanta kuwa hawa uku take lalacewa: ta tara kitse, ta kumbura, sannan ta ƙeƙashe da tabo. Hawan farko kan warke idan aka daina. Na ƙarshe ba ya komawa daidai, alamunsa su ne shawara, kumburin ciki da aman jini. A ƙasarmu abin ya fi muni, domin binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin kowane 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Barasa a kan irin wannan hanta tana gaggauta ƙeƙashewa da daji.

Ko a ƙasashen da ake sha, an haɗu a kan cewa waɗannan ko ɗigo bai dace da su ba: mai juna biyu, domin barasa na ratsa mahaifa ta tauye ƙwaƙwalwar ɗan tayi har abada, mai tuƙin mota ko babur, matashi, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, mai ciwon hanta, da mai shan maganin barci, tramol ko kodin, domin su ma birki suke takawa, idan suka haɗu da barasa numfashi na iya ɗaukewa. Bincike a Amurka ya nuna wanda ya fara sha kafin shekara 15 ya ninka wanda ya fara bayan shekara 20 kusan sau huɗu wajen yiwuwar kamuwa.

MATAKI NA 6: YADDA KAMUWA KE FARUWA DA ALAMOMINTA

Nan ne zuciyar darasin, kowa ya natsu.

Ƙwaƙwalwa ba ta son a karkatar da ita. Idan barasa ta riƙa taka birki kullum, sai ƙwaƙwalwa ta rama ta hanyar rage ƙarfin birkin nata da ƙara murɗa totur. Abu biyu ke biyo baya. Na ɗaya, abin da ke bugar da mutum a bara ba ya yi masa komai a bana, sai ya ƙara. Wannan shi ne sabo. Abokai kan yaba masa, wai kansa na da ƙarfi, alhali alamar ciwo ce. Na biyu, ranar da bai sha ba, birki ya saki, totur kuwa a murɗe yake. Sai jiki ya ɗauki rawa. Wannan shi ne ciwon yankewa. A wannan gaɓa mutum ya daina sha don jin daɗi, yana sha ne don ya sami ya tsaya da ƙafafunsa.

Likitan Suwidin Magnus Huss ne ya fara bayyana wannan a matsayin cuta mai zaman kanta a 1849. A 1976 Griffith Edwards da Milton Gross suka tsara alamominta. Kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, ya tattara su gida uku:

1. Rasa linzami. Mutum ya yi niyyar kaɗan ya zarce, ya yi rantsuwar dainawa ya koma, ƙwaɗayin abin ya hana shi sukuni.
2. Fifita abin a kan komai. Gona ta yi ciyawa, an daina zuwa makaranta ko kasuwa, kuɗin cefane sun tafi can, an sayar da akuya ko buhun gero, kuma yana ganin ɓarnar amma bai fasa ba.
3. Sauyin jiki. Sabo da ciwon yankewa: rawar hannu da safe, gumi, tashin zuciya, faɗuwar gaba, rashin barci, waɗanda ke lafawa da zarar ya sha.

Idan biyu daga cikin ukun suka tabbata tsawon shekara guda, ko wata uku ga mai sha kusan kullum, likita zai ce ya kamu. Ku duba da kyau, babu inda aka ambaci yawan kwalabe. Ana gane kamuwa ne da abin da shan ya yi wa ikon mutum a kan kansa. A 2019 mutum miliyan 209 ke cikin wannan hali a duniya.

Wani likita a Amurka, John Ewing, ya wallafa gajeren gwaji mai tambaya huɗu a 1984. Ka taɓa jin ya kamata ka rage? Ranka na ɓaci idan an yi maka maganar shan? Ka taɓa jin nadama a kansa? Ka taɓa buƙatarsa da sassafe kafin jikinka ya daidaita? Wanda ya amsa da e sau biyu, ya kamata ya ga likita.

A gida, inda mai sha ke ɓoyewa, abin da iyali za su lura da shi shi ne sauyin hali: sababbin abokai, yawan tauna cingam ko fesa turare don rufe wari, ƙin cin abinci da jama'a, barcin rana da yawon dare, ɓatan kuɗi da ƙananan kaya, saurin fushi, yawan faɗuwa da babur, janyewa daga jam'i da taron dangi. Alama ɗaya ba hujja ba ce, domin damuwa da wasu cututtuka ma na kawo irinta. Taruwarsu da daɗewarsu ne abin dubawa.

Gidaje ukun da muka lissafa a sama su ne ma'aunin tramol da kodin ma. Mai ƙwadagon noma da ya fara da ƙwaya ɗaya don ya gama kuyya da wuri, bana sai uku, ranar da babu kuma gaɓɓai na ciwo, hanci na yoyo, ya kamu. Tramol ɗin da doka ta yarda da shi mai miligiram 50 ne da 100, bisa takardar likita. Masu 200 da 225 na bayan fage ne, kuma yawansa na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Maganin tari mai kodin kuwa gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayun 2018.

Tambaya daga aji: "Malam, me ya sa wani ke kamuwa, abokinsa bai kamu ba?"

Binciken tagwaye ya nuna kusan rabin haɗarin gado ne. Sauran rabin ya haɗa da fara sha da ƙuruciya, abokan zama, zaman banza, baƙin ciki da ciwon damuwa. Babu mai sanin rabonsa kafin ya ɗanɗana, don haka ƙin farawa shi ne rigakafin da ba ya kuskure.

MATAKI NA 7: ABIN YI

Idan kun tarar da wanda ya bugu har ya fita hayyacinsa, ku kwantar da shi a gefensa, ba rigingine ba, don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa komai a baki, kada a bar shi shi kaɗai wai ya yi barci. Idan ba ya farkawa, ko numfashinsa na ja da baya, ko leɓɓansa sun sauya launi, a garzaya da shi asibiti.

Wanda ya kamu sosai kuwa, yanke masa barasa farat ɗaya na iya kashe shi. Awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe rawar jiki ke farawa. Cikin kwana biyun farko jijjiga na iya zuwa. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan shiga ruɗewa mai tsanani, da zazzaɓi, da bugun zuciya, da gane-ganen abin da babu. Mutane kan ce aljanu ne, alhali totur ne ya tashi babu birki. A asibiti ana ba shi maganin da ke riƙe birkin, a riƙa rage shi sannu a hankali cikin kwanaki, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa ɗaure mutum da mari ba magani ba ne. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, a watan Oktoba kuma aka buɗe wani a Daura. Da yawa iyaye ne suka kai su da kyakkyawar niyya, don ba su san wata hanya ba. Hanyar tana nan. A fara da cibiyar lafiya ta gari ko Babban Asibitin Tambuwal, daga can a tura mutum Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ba kame kaɗai take yi ba, tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 a farkon 2023 ta tabbatar wa irin waɗannan marasa lafiya haƙƙin a kula da su cikin mutunci.

A gaban likita a faɗi gaskiyar abin da ake sha da yawansa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma da wannan bayani ne yake auna magani. Bayan an wanke jiki, sai aiki mai tsawo: zaman shawara, magungunan rage ƙwaɗayi kamar naltirekzon, sauya abokai, sana'a, da tsayawar iyaye da malamai. Mai yi wa wanda ya kamu magana ya zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, a keɓe, ya faɗi abin da idonsa ya gani ba tare da gori ba. Tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na masu jinya kan sake komawa aƙalla sau ɗaya. Idan hakan ta faru, a koma wurin likita a gyara tsarin jinya, ba a yanke ƙauna ba.

TAƘAITAWA

Itanol ne ke sa maye, yis ke samar da shi daga sukari. Hanta na ƙona shi da gwargwadon da babu abin da ke ƙara masa sauri. Yana danne ƙwaƙwalwa, yana kuma yaudarar sashen lada. Ana gane kamuwa da abu uku: rasa linzami, fifita abin a kan komai, da sauyin jiki. Cuta ce mai magani, kuma yankewa ga wanda ya yi nisa aikin asibiti ne.

AIKIN GIDA

1. Rubuta lissafin yadda yis ke mayar da sukari itanol, ka bayyana abin da ya hura balan-balan a gwajinmu.
2. Ƙwarya na ɗauke da lita 1 ta abin sha mai ƙarfin kashi 4. Giram nawa na itanol ke ciki? Awa nawa hanta za ta yi tana ƙona shi idan tana cin giram 8 a awa?
3. Me ya sa rashin saurin buguwa alamar haɗari ce?
4. Kawo dalilai biyu na kimiyya da suka sa ba a yanke wa wanda ya kamu barasa a gida.
5. Zana taswirar hanyar barasa daga baki zuwa fitarta daga jiki, ka sa sunan kowace gaɓa.

A kawo aikin ranar darasi na gaba, inda za mu ɗauki tramol da kodin, mu ga yadda suke aiki a kan jijiyoyin jin zafi.